Masu Ci Su Yi Shiru

Darasinmu na wannan mako mun ɗauko shi ne daga wani fim na Amurka mai suna 25th Hour, wanda Spike Lee ya shirya a shekarar 2002. Labarin Monty Brogan ne, dillalin miyagun ƙwayoyi a birnin New York, wanda kotu ta yanke wa ɗaurin shekara 7, saura masa yini ɗaya tak ya shiga kurkuku.

A wannan yini ya tsaya gaban madubi yana tsine wa mutanen birnin, ƙabila bayan ƙabila, har abokansa da mahaifinsa bai bari ba. Daga ƙarshe ya juyo da zargin kansa, ya yarda shi ya rusa rayuwarsa da hannunsa. Nan ne ƙofar tuba take.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne makusantansa. Da kuɗinsa aka biya bashin mashayar mahaifinsa. Budurwarsa ta sha daɗin dukiyar. Amininsa, ɗan kasuwar hannun jari, yana gani bai tsawata ba. Ɗaurin kuwa, a kansa shi kaɗai ya faɗa.

To, 'yan kasuwa da ma'aikata, idan ɗanka ko ƙanenka ya shigo da abin da ya fi ƙarfin samunsa, tambaye shi tushensa tun kafin alƙali ya tambaya. Nasiha haƙƙinsa ce a wuyanka, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya kiyashe mu da cin haram, amin.