Giya Mai Kuloci Biyu: A Tambaya Kafin A Biya

'Yan'uwa ɗalibai, malamai da iyayenmu, a bana mun ga ya dace mu taɓo zancen mota. Iyayenmu da dama a Ikara, Makarfi da Kudan sukan tara kuɗin rake ko na tumatir shekara da shekaru kafin su sayi kwatano guda. Idan giyarta ta lalace, guminsu ne ya bi ruwa.

Mun saba da giya iri biyu: ta hannu, irin ta Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da kuma otomatik. To, akwai ta uku, mai kuloci biyu. Kuloci ɗaya yana riƙe da giya ta 1, ta 3 da ta 5, ɗayan kuma ta 2, ta 4 da ta 6. Mota tana tafiya a giya ta 3, ta 4 ta riga ta shirya, sai kwamfuta ta saki wannan kuloci ta kama wancan cikin ƙiftawar ido. A ido dai otomatik ce, shi ya sa mai saye ba ya ganewa.

Bari mu gwada su bi da bi. A 2003 kamfanin Volkswagen na Jamus ya sa irinta mai giya 6 a Golf R32, ya kira ta DSG. Kulocinta a cikin mai yake, man kuwa yana sanyaya shi. Tana da nauyi, tana kuma bukatar a canza mata mai duk bayan kilomita 60,000. A 2008 aka fito da ƙanwarta mai giya 7, mai busasshen kuloci. Ba ta da nauyi, ba ta shan fetur sosai, amma a 2013 sai da kamfanin ya janye motoci fiye da 380,000 a ƙasar Sin domin gyaran giya. Ford ma ya sa busasshen kuloci a Fiesta da Focus, masu motoci suka yi ta kukan jijjiga, har a 2018 kotu a Ostareliya ta ci shi tarar dalar ƙasar miliyan 10 saboda yadda ya bi da koke-kokensu. Da Hyundai ya fito da tasa mai giya 8 a 2020, cikin mai ya sa kulocin.

Ra'ayinmu shi ne, a ƙasarmu mai kuloci cikin mai ta fi dacewa. Abin da ke kashe kuloci zafi ne, zafin kuwa daga jan ciki yake zuwa, wato a ɗan gusa a tsaya. Wanda ya taɓa bin bayan motocin rake ranar kasuwar Makarfi, ko ya lallaɓa cikin gargada da taɓo a hanyoyin ƙauye da damina, ya san haka tuƙinmu yake. A haɗa da zafin bazara da lodin buhuna.

Gaskiya ne a kan babbar hanyar Zariya zuwa Kano busasshen yana gudu lafiya, ya rage shan fetur, ga shi fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023. Amma abin da aka rage a gidan mai cikin shekara, gyara ɗaya zai iya cinye shi, balle in sai an ja motar zuwa Kaduna ko Kano neman bakanike mai kwamfuta.

Saboda haka, iyayenmu, kafin ku biya dillali ku tambaya: wace irin giya ce, busasshiya ko mai mai, kuma yaushe rabon a canza man? Ku tafi da bakanikenku, ku gwada ta cikin cunkoso. In kun ji tana jijjiga wajen tashi, ku haƙura da ita. Mai lodi kullum kuwa, giyar hannu ta ishe shi, don da tsohuwar zuma ake magani.

Mu kuma ɗalibai, mu riƙe darasin kimiyya da fasaha da kyau. Motocin nan suna ta shigowa, yankinmu yana bukatar masu gyaransu. Allah ya kiyaye hanya, amin.