Ku Daina Ɗora wa Tsohuwar Kwamfuta Laifi

Da na je gida hutun Babbar Sallah, wani ƙanena da ke haɗa kiɗa a wani ɗan situdiyo a Birnin Kudu ya kunna min waƙoƙi uku: ta biki, ta siyasa, da ta wani ango daga Gwaram. Kiɗan duk ɗaya ne, sunayen da ake kira kawai suka bambanta. Na tambaye shi dalili, sai ya nuna min laftof ɗinsa ya ce, "Yaya, wannan tsohuwar ce ta daƙile mu. Da zan samu sabuwa, da ka sha mamaki."

Na gaji da jin wannan uzuri. Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma ina faɗa da babbar murya: yaudarar kanmu muke yi.

A 1987 aka fitar da kwamfutar gida mai suna Amiga 500. Ƙwaƙwalwarta kilobayit 512 ce kacal, kuma sauti huɗu kawai take iya fitarwa a lokaci guda. A shekarar ne wani Bajamushe, Karsten Obarski, ya rubuta mata manhajar Soundtracker. Aikinta mai sauƙi ne: ka naɗi ɗan gutsuren sauti, bugun ganga ɗaya ko tafi ɗaya, ka jera shi layi-layi, ka ɗaga shi ko ka sauke shi, har ya zama kiɗa. Da irin wannan na'ura matasan Landan suka yi ta haɗa kiɗan rawa a ɗakunan kwanansu a farkon shekarun 1990. Da Amiga ɗin dai Calvin Harris ya haɗa kundinsa na farko da ya fito a 2007. Ita ma Cubase da masu situdiyo ke taƙama da ita yau, a kan Atari ST ta fara a 1989. Wayar da kake karanta wannan rubutu a kai, in dai tana da gigabayit 4, ta ninka ƙwaƙwalwar Amiga sau dubu takwas. To wa ya daƙile wa?

Ƙuncin wurin ajiya shi ya tilasta wa mutanen can yin zaɓe. Wanda zai iya adana sauti na 'yan daƙiƙoƙi kawai, dole ya kasa kunne kafin ya ɗauka. Mu kuwa tun ƙarshen shekarun 1990 da fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyon Kano, muka saba da danna abin da muka tarar a ciki. Injiniyoyin Japan suka zuba sautukan, mu kuma muka laluba wanda ya yi kama da kalangu muka ce shi ke nan. Amma kalangu a hammata yake magana. Makaɗi ya matse shi ya hau, ya saki ya sauka, kamar harshen Hausa. Maɓalli ɗaya ba zai taɓa ba ka wannan ba, ko da kwamfutarka jiya ta fito daga kwali.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne inda muke zaune. A duwatsun Birnin Kudu, wajen tsofaffin zane-zanen nan, akwai duwatsun da in an buga su suke ƙara kamar ƙararrawa. Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu tun shekarun 1950. Na tambayi ƙanen nawa ko ya taɓa zuwa ya naɗi sautinsu. Dariya ya yi. Mutum yana zaune a bakin rijiya yana kukan ƙishirwa.

Na san za a ce masu biki sun fi son abin da kunnensu ya saba da shi, kuma mai situdiyo sai ya ci abinci. Gaskiya ne. Sai dai kunnen nan mu muka horar da shi, shi ma kiɗan fiyanon baƙo ne wata rana. Ban kuma ce kowa ya nemo Amiga ba. A wutar lantarkinmu ba za ta yi sati ba. MilkyTracker da OpenMPT kyauta ne, aiki irin na Soundtracker suke yi, kuma laftof ɗin da aka raina zai ɗauke su cikin sauƙi.

Ga ƙalubalena. Ka ɗauki wayarka, ka je wurin tsohon makaɗin unguwarku ko na kasuwar Gwaram. Ka nemi izininsa, ka biya shi, ka rubuta sunansa. Ka naɗi bugu goma daban-daban, ka dawo ka gina waƙa ɗaya da sauti huɗu kawai.

Kwamfuta za ta jira ka, kuma kullum mai ƙarfi sabuwa fitowa take. Dattijon da kalangun ke hammatarsa ne ba zai jira ba.