Tsakanin "See" da "Gani": Ina Gizo Yake Saƙar?

Da wuya a sami wanda ya ratsa makarantar firamare a ƙasar nan ba a koya masa cewa ma'anar kalmar Ingilishi "see" ita ce "gani" ba. Wannan bayani gaskiya ne, amma rabin gaskiya ne, kuma a nawa ra'ayin ya fi yi mana ɓarna a fagen fassara a kan manyan kalmomin kimiyya da muke ta kafa wa kwamitoci. Babbar kalma tana tilasta wa mai fassara ya buɗe ƙamus, ita kuwa ƙarama wuce ta yake yi yana zaton ya san ta.

Bature yana amfani da "see" a wurare da dama da ido ba ya aiki. Idan ya ce "I see" a tsakiyar hira, nufinsa ya gane. "See off" rakiya ce, "see to it" kuwa a tabbatar an yi abu. Idan aka ce saurayi yana "seeing" wata yarinya, nemanta yake yi. Ingilishin Nijeriya ma ya ƙara mata wani nauyin, domin idan aka ce da mai neman kwangila ya je ya "see" wani babba, kowa ya san ba zai je hannu rabbana ba.

Ita ma "gani" tana da nata hanyoyin. Muna ganin dama, muna ganin girman dattijo, muna ganin laifin wani, kuma wanda ya daɗe a duniya mukan ce ya ga jiya ya ga yau. Daga saiwarta aka sami "gane" da "gano" da "gana" da "ganar", waɗanda duk ɗalibin da ya karanta tsarin azuzuwan aikatau na Parsons na 1960 zai iya zaunar da kowacce a ajinta. Abin lura kuma, aikin fahimta da Bature ya ɗora wa ido, Bahaushe ya fi ɗora wa kunne: yana jin Hausa, yana jin magana, har wari da ɗanɗano ji yake yi. Shi ya sa ɗalibi kan rubuta "I hear smell" malamin Ingilishi ya ja masa jan biro.

Inda na fi son mu tsaya shi ne Kafanchan da kewayenta. Tun da layin dogo ya isa garin a shekarun 1920 ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, Hausa ta ƙara ƙarfi a matsayin harshen da ke haɗa Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro da baƙin da aikin reluwe ya kawo. Coci ma ta taimaka, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ga mutane da yawa a Zonkwa ko Kwoi ko Kagoro, Hausa harshe na biyu ce, Ingilishi na uku, ga matasa da dama kuma Hausar ce ta zama ta farko.

A daidaitacciyar Hausa, aikatau "gani" siga uku gare ta: "ga" kafin suna, kamar "na ga Audu", "gan" kafin wakilin suna, kamar "na gan shi", sai "gani" idan babu karɓau a bayanta. A kasuwar Kafanchan kuwa za ka ji "na gan Audu", wani lokaci har "na gani shi". A kan wannan ne wasunmu ke yin dariya suna cewa Hausar gurɓatacciya ce. Ni ban yarda ba. Mai cewa "na gan Audu" ya daidaita aikatau mai bauɗaɗɗen hali ne kawai, abin da masu koyon kowane harshe suke yi, kuma ma'ana ba ta salwanta ba. Kowa ya fahimci an ga Audu. A gyara wa ɗalibi a takardar jarrabawa, wannan daidai ne, amma ba nan haɗarin yake ba.

Haɗarin yana bakin ɗan boko mai tafinta. A ɗauki shari'ar sata a kotun majistare, inda ake rubuta bayanai da Ingilishi. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu, Dokar Shaida ta 2011 kuma ta ce abin da ake iya gani da ido, wanda ya ce ya gani shi ne zai ba da shaida a kansa. To, ga tsohuwa an kira ta shaida, tana tunani da Jju, tana magana da Hausa, ana rubutawa da Ingilishi. An tambaye ta wa ya shiga rumbun, ta ce, "Ina ganin shi ne." Zato ta faɗa. Amma a bakin mutanen yankin, har da Zazzagawa, "ina ganinshi" na nufin idona yana kansa. Abin da ya raba jimlolin biyu bai wuce "ne" ɗin nan da karin sautin "shi" ba, wanda yake sama a ta farko, ƙasa a ta biyu. Tafintan da tun yana yaro aka dasa masa cewa "gani" ita ce "see", idan ya ce wa alƙali "I see him", ya mayar da jiyau ganau, kuma mai yiwuwa wani ya kwana gidan yari a kan haka. A yankin da ya sha rikice-rikice, irin na Kafanchan a 1987 da na Zangon Kataf a 1992, bambancin "na gan shi" da "ina ganin shi ne" ba wasan nahawu ba ne.

Ba ina cewa duk abin da Ingilishi ya cusa mana a zubar ba. "Ganin likita" ta zauna daram a bakin kowa, ban kuma ga amfanin korarta ba. Amma "bari in gan ka zuwa tasha" a madadin "bari in raka ka" ba ta da gurbi, don muna da kalmarmu.

Kayan aikin ma suna nan. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tattara ma'anonin kalmomi da misalai masu yawa, ga na Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, ga kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Sai dai waɗannan sun fi karkata ga Hausar 'yan asali. Shawarata ga masu neman batun kundin kammala digiri, musamman 'yan'uwanmu na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, su ɗauki na'urar naɗar magana su shiga kasuwa da tasha da kotu, su tattaro yadda ake sarrafa "gani" da "ji" da "duba" da "kallo" a can, sannan su gwada da takwarorinsu na Tyap da Jju da Hyam.