Ra'ayinmu: A bar ƙara wa mai aman jini jiƙo

A ƙauyukan Urafane da sauran garuruwan Tasawa da Mayahi, idan mutum ya yi ta sheƙa amai har jini ya biyo, sau da yawa sai a ce sammu ne yake fita, a ƙara masa jiƙo ya amayar da saura. Wannan ƙarin jiƙon ne muke roƙon jama'a su bari.

A daidai inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wata fata mai laushi. Yunƙurin amai mai ƙarfi yana iya tsaga ta, kamar bakin buhun da aka cusa wa gero fiye da kima. Wasu likitoci biyu a Amurka, Mallory da Weiss, su suka bayyana ciwon a 1929. Sau da yawa aman farko ba ya zuwa da jini, sai an yi ta kakari sannan ja ya bayyana. Yana samun mai ciki da laulayi ya tsananta mata, da mashayin giya, da wanda aka ɗura wa maganin amai don shawara.

Gaskiya ne yawancin tsagar nan tana tsayar da jini da kanta, ta warke cikin 'yan kwanaki. Amma wa zai tantance daga gida? Gyambon ciki da ciwon hanta su ma suna sa aman jini.

Don haka a kwantar da maras lafiya a gefensa, kada a ba shi abinci, a nufi gidan likita mafi kusa ko da a amalanke ne. In kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta, ko yana jiri da zufa mai sanyi, ko ƙirji ya riƙe da zafi, to ba a kwana. A asibitin Tasawa ko Maradi akan yi ƙarin ruwa, da allurar tsayar da amai, da maganin rage tsamin ciki, wani lokaci har da ƙarin jini. Saboda haka 'yan rakiya su je da shirin ba da nasu jinin.

Ku kuma 'yan'uwanmu masu tallan ƙwayoyi a faranti ranar kasuwa, kada ku sayar wa irin wannan mutum asfirin ko ibuprofen ko diclofenac. Ƙara zubar da jinin suke yi.