Gudun Asuba a Nima da Haƙƙin Mai Goyo

Duk wanda ya fito bayan sallar Asuba ranar Asabar, ya bi babban titin unguwar Nima ya nufi Kanda tun motocin haya ba su cika hanya da hayaƙi ba, zai tarar da ƙungiyoyin motsa jiki suna sassarfa suna waƙa, wasu kuma suna kewaya filin Kawukudi, kusa da Masallacin Ƙasa da aka buɗe a 2021. In kuwa ya lura da kyau, zai ga galibinsu samari ne da magidanta, uwar ƙananan yara sai jefi-jefi.

Ba kasala ce ta hana ta ba. Sa'ar nan guda da iska take da sanyi, ita ce sa'ar ɗora ruwan wanka, da bin layin famfo a gidan haya mai ɗakuna da yawa, da neman takalmin wanda zai tafi makaranta, ga na goye yana kuka. Wadda ke sayar da koko ko waakye (shinkafa da wake) a Maamobi kuwa ta hura wuta tun kafin ladan ya yi kiran farko. Saboda haka lafiyar da maigida ke samowa a titi, da lokacin matarsa yake sayenta, alhali hawan jini da ciwon sukari ba su ware mace ba.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi bai taka kara ya karya ba: minti 150 na tafiya da sauri a mako, ko minti 75 na gudu, wato safiya uku, kowace minti 25. Gidan da ke da uba, da kaka, da maƙwabta a tsakar gida ɗaya, ba zai rasa mai riƙon jariri na wannan ɗan lokaci ba, illa dai a ce girman kai ya hana.

Mai cewa gudu ba na matan aure ba ne, sai ya tuna ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha har ta wuce shi. In an kiyaye sutura, aka fita cikin jama'ar mata, ban ga hujjar hani ba.

Magidanta, a raba safiyar mako da adalci: ranar da matarka ta fita, kai ka yi wa yara wanka.