Ƙasashe huɗu cikin kwana bakwai: abin da ƙafar Inna ta koya mini

Kin ji ni shiru makonni biyu, lafiya lau, tafiya ce ta kama ni. Ƙanena da ke aiki a Jamus ya daɗe yana roƙon Inna ta je ta ga inda yake zaune. Da ta amince, sai ya ƙara mana da yawon buɗe ido irin wanda ake ɗibar mutane a babbar bas ana zagayawa da su ƙasa-ƙasa. Ni aka haɗa ta da ni, tunda ni ce ma'aikaciyar jinya a gidan, ita kuma tana fama da ciwon suga da na gwiwa. Kwana bakwai muka yi, muka taka manyan birane huɗu: Prag ta ƙasar Cek, Viyana ta Ostiriya, Bratislava ta Sulobakiya, da Budapest ta Hangari.

Abin da takardar tallar ba ta faɗa ba shi ne, sunan abin yawon mota, amma ƙafa ce ke biyan kuɗinsa. Tsofaffin unguwannin biranen nan an gina su tun kafin a san mota. Lungunansu matsattsu ne, an daɓe su da ƙananan duwatsu masu tudu da kwari, kuma ba a barin manyan motoci su shiga. Can nesa za a sauke ku, jagora ya ɗaga lemarsa sama, ku bi shi da sauri kamar 'yan makaranta.

A Prag muka fara. Mun tsallaka Gadar Charles, wadda aka aza harsashinta a 1357, tsawonta ya haura mita 500. Daga nan muka kutsa zuwa dandalin tsohon gari, inda wani agogo yake manne a bango tun 1410 yana aiki. Duk cikar awa sai wasu 'yan tagogi su buɗe, mutum-mutumi su gitta, zakara ya yi cara, shi ke nan, ko minti ɗaya ba a cika ba. Inna ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ne muka tsaya a rana dominsa?" Na yi dariya, ban kula da yadda take ɗan karkata tafiyarta ba.

Da dare a masauki na cire mata safa, sai ga bororo a ɗan yatsanta na ƙarshe, gefensa ya yi ja. Na ce, "Inna, ba ki ji zafi ba?" Ta ce ko kaɗan. Gabana ya faɗi. Ciwon suga idan ya daɗe yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa, sai mutum ya ji rauni bai sani ba, raunin kuma ba ya saurin warkewa. A wurin aiki na sha ganin ƙafar da aka yanke, wadda farkonta bai fi wannan bororon ba. Laifin kuma nawa ne. Ni na saya mata sabon takalmi don kwalliyar tafiya, ni da kullum nake gaya wa marasa lafiya kada su yi doguwar tafiya da takalmin da ƙafa ba ta saba da shi ba.

Na wanke wurin da ruwa mai tsabta, ban fasa shi ba, na rufe da bandeji, na ciro mata tsohon takalminta mai faɗi. A daren nan muka yi yarjejeniya: duk garin da muka shiga abu ɗaya za mu zaɓa mu gani da kyau, sauran mu yafe. Safe da dare kuma sai na duba ƙafar, har tsakanin yatsu.

Daga Prag zuwa Viyana tafiyar awa huɗu ce ko kusa da haka. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa direba hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, saboda haka ana tsayawa a hanya. Idan an tsaya, ki sauka ki taka ko ba ki da uzuri. Dogon zama yana sa jini ya kwanta a sangalin ƙafa, wani lokaci ya daskare, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai ciki, da mai jego, da mai ƙiba, da mai shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa. A kujera ki riƙa juya idon sawu kina ɗaga dunduniya. Ki sha ruwa. Na san halinmu mata, mukan ƙi sha don gudun neman banɗaki. Gara ki tanadi 'yan sulalla, don yawancin banɗakunan hanya sai an biya. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya soma sarƙewa, ko ƙirji ya riƙe, kada ki jira a isa masauki. Lambar agajin gaggawa a duk ƙasashen nan 112 ce. Magunguna kuma su zauna a jakar hannunki, ban da akwatin da ke ƙarƙashin mota. Mai ciwon suga ta riƙe dabino, don yawan tafiya na iya saukar da sugan fiye da yadda aka saba.

A Viyana fadar Schönbrunn muka zaɓa, mai ɗakuna 1,441. Ba zinaren bangon ne ya tsaya wa Inna a rai ba. Labarin matar gidan ne, Sarauniya Mariya Teresa, wadda ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780, ta haifi 'ya'ya 16. Cutar agana ta ɗauke mata uku daga cikinsu, ita ma ta kamu a 1767 ta sha da ƙyar. Shekara ɗaya bayan haka ta sa aka yi wa ƙananan 'ya'yanta maza biyu rigakafin irin na wancan zamani, a lokacin da manyan likitocin fada ke ɗari-ɗari da shi. Da na fassara wa Inna, sai ta ɗage mayafinta ta nuna mini tabon lambar da aka yi mata a dantse tana yarinya. Ta ce, "Ashe da sarauniya da talaka kukan uwa iri ɗaya ne." Wannan lambar ce, da aka bi gari-gari ana yi, ta kai ga shelar kawar da agana daga duniya a 1980.

Bratislava ba ta fi tafiyar awa ɗaya daga Viyana ba, rabin yini kawai aka ba mu. Tsohon garin ƙarami ne, kuma a cocinsa aka riƙa naɗa sarakunan Hangari daga 1563 zuwa 1830. Dalilin fara hakan shi ne Daular Usmaniyya ta Turkawa ta ƙwace Székesfehérvár, garin da aka saba naɗa su, a 1543. Ayarinmu ya hau tudu zuwa ganuwa, mu kuwa muka zauna a wani shagon shayi Inna ta miƙe ƙafa. Ban ji na yi asarar komai ba.

A Budapest ni na yi zaɓi. Birnin asalinsa garuruwa ne da Kogin Danub ya raba, Buda a kan tudu, Pest a shimfiɗe, aka haɗe su a 1873. A gindin tudun Buda akwai wani tsohon gida da aka mayar gidan tarihin likitanci. A nan aka haifi Ignaz Semmelweis a 1818, kuma duk macen da ta taɓa haihuwa a asibiti tana cin moriyar aikinsa ko ba ta taɓa jin sunansa ba.

Yana matashin likita ya yi aiki a babban asibitin Viyana, mai sassan haihuwa biyu. A sashen likitoci da ɗalibansu, kusan mace 10 cikin 100 ke mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa. A sashen ungozomomi kuwa kusan 4 ne. Matan gari sun san haka, har roƙo suke kada a kwantar da su a na farko. A 1847 wani abokin aikinsa ya yanke a yatsa wurin binciken gawa, ya mutu da alamomi irin na matan nan. Nan Semmelweis ya gane: likitoci na fitowa daga ɗakin gawa su wuce kai tsaye su duba masu naƙuda, ungozomomi kuwa ba sa taɓa gawa. Ya kafa doka kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin kafin ya taɓa mace. A watan Afrilu mace-macen sun kai 18 cikin 100. Zuwa Yuni sun dawo wajen 2. Duk da haka manyan likitoci da yawa suka ƙi yarda, don maganar tana nufin hannunsu ne ke kashe matan. Ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali, yana da shekara 47.

Na daɗe a tsaye a farfajiyar gidan ina tuna sau nawa layi ya yi mini yawa na ji kamar in tsallake famfo. Uwargida, ko a asibiti ko a gida, duk wanda zai karɓi haihuwarki ko ya taɓa cibiyar jaririnki, kina da ikon tambayarsa ko ya wanke hannu. Ki yi tambayar da ladabi, amma ki yi ta.

Ga mai niyyar irin wannan tafiya, bizar Shengen guda ɗaya ta wadatar wa ƙasashen huɗu, kuma sai da inshorar lafiya ake ba da ita. Ki karanta ki ga ko ta haɗa da ciwon da kike da shi tun a gida. Ostiriya da Sulobakiya Yuro suke kashewa, Cek na da kuɗinta koruna, Hangari na da forint. Hijabi ba matsala, amma Ostiriya ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2017, mai sa niƙabi ta san da haka. Naman alade da kitsensa sun yi yawa a girkinsu, ki riƙa tambaya; mu dai kifi da shagunan Turkawa ne suka rufa mana asiri. Kafin ki biya kuɗi ki tambayi kamfanin tafiyar ƙafa nawa ce a rana, kuma ko akwai wurin zama ga wanda ya gaji.

Ƙafar Inna ta warke sarai kafin mu hau jirgin dawowa. Sabon takalmin yana nan a kwalinsa, ta ce in ba wa mai rabo. Idan kin taɓa doguwar tafiya da mahaifiya ko suruka mai lalura, ki rubuto mana a ƙasa yadda kika yi, wata za ta ƙaru. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.