Ilmin Motsa Jiki Ba Wasan Yara Ba Ne

A ƙasar Daura, kamar sauran ƙasashen Hausa, idan yaro ya ce wa mahaifinsa zai tafi jami'a ya karanci ilmin wasanni da motsa jiki, sau da yawa amsar da yakan samu ita ce, shin wasa ma sai an koya? Wannan raini ya daɗe, kuma lalle yana jawo wa jama'a hasara.

Ilmin nan fanni ne na kimiyya. Mai nazarinsa yakan binciki yadda zuciya da huhu da tsoka ke aiki sa'ad da jiki ya ɗauki wahala, da irin abincin da ya dace da ɗan wasa, da hanyoyin kauce wa rauni. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano duk suna da sashen wannan fanni, inda ɗalibi zai fara daga digirin farko har ya kai na dakta, ya zama malamin jami'a mai koyarwa da bincike. A Legas kuma akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1974.

Abin bincike kuwa ga shi nan a ƙofar gida. Da kaka samari kan fita dambe da kokawa da langa, a bukukuwan Salla da na Gani kuma mahaya kan yi sukuwa a gaban fada. Ɗan dambe yakan sha naushi a ka shekara da shekaru, kuma likitoci sun tabbatar cewa irin wannan bugu yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Ɗan ƙwallo yakan yi atisaye cikin zafin bazara, wani lokaci da azumi a bakinsa. Dattawa da yawa kuma suna fama da hawan jini da ciwon sukari, waɗanda motsa jiki ke taimakawa wajen rage su. Sakamakon binciken da aka yi a Ingila mai sanyi ba lalle ne ya dace da mutumin Zango ko Ɓaure ba. Abin lura ne cewa ɗaya daga cikin littattafan da aka fi ambata kan dambe da kokawar Hausawa, Ba'amurke ne, Edward Powe, ya wallafa shi a 1994.

Maƙwabta sun riga sun nuna hanya. Tun 1975 Jamhuriyar Nijar ta mai da kokawa gasar ƙasa, har ake ba zakara takobi. Daga Daura zuwa iyakar Kwangwalam tafiya ce 'yar kaɗan.

Wasu za su ce likita da injiniya sun fi zama wajibi. Gaskiya ne ana bukatarsu, amma rigakafi ya fi magani, kuma wanda ya koya wa jama'a tsare lafiyarsu ya rage wa asibiti cinkoso.

Saboda haka kamata ya yi gwamnatin Jihar Katsina ta keɓe gurabun tallafin karatu ga masu son zurfafa ilmi a wannan fanni, makarantun sakandare su daina miƙa darasin motsa jiki ga duk malamin da aka ga ba shi da aiki, Masarautar Daura kuma ta buɗe wa masu bincike ƙofa a filayen dambe da kokawa. Iyaye su ma su sani, farfesan motsa jiki da na lissafi matsayinsu ɗaya ne a majalisar jami'a.